Turancin Mai Zobe

A kamfanin sabulun da ke bayan tashar manyan motoci, duk wanda ya shiga ta ƙofar gaba a shekarun baya zai fara cin karo da wani dogon kanta mai fenti ruwan ƙasa. A kansa akwai wayar tarho guda biyu, ɗaya tana aiki, ɗaya ta daɗe da mutuwa amma ba a ɗauke ta ba don tana ƙara wa wurin kwarjini. Bayan kantan kuma wani siririn mutum ne mai faffaɗan kunnuwa da ɗan gashin baki, yana leƙen mai shigowa ta saman tabarau kamar wurinsa aka zo neman aiki. Shi ne Mai Zobe. Shekara ashirin da biyu ya yi a wannan kujera yana karɓar baƙi, goma sha tara daga ciki kuwa ya yi su ne yana gana wa bayin Allah azaba da Turanci.

Ba haka ya taso ba. Ubansa kafinta ne, mutum marar son magana, wanda in ya ce maka "to" sau biyu a yini ɗaya ka san ranar yana cikin nishaɗi. Da ɗan ya gama sakandare da sakamako na tsaka-tsaki, sai ya shekara yana riƙe wa uban katako yana tsaki, yana kakkaɓe garin zarto daga wandonsa kamar wanda aka watsa wa ƙazanta. Uban ya gaji da ganin wannan fuska a shagonsa, ya roƙi wani amininsa direban kamfanin ya nema wa yaron ko da shara ce. Aka ɗauke shi masinja. Da aka lura yana da tsabta, takalminsa kullum a goge, kuma yana iya gaida manya da Turanci ba tare da ya haɗiye rabin gaisuwar ba, aka ɗora shi a kanta.

Ya shekara uku a nan lafiya lau, har ya yi aure, sannan abin da ya juya masa rayuwa ya faru. Wata 'yar kasuwa mai sarin sabulu mota-mota ta zo neman manaja ba ta same shi ba. Mace ce 'yar boko, tana sauri, ta ɗauki jakarta ta ce wa Mai Zobe, "Tell him to give me a ring," ta fice. Ita dai abin da take nufi shi ne manaja ya buga mata waya. Shi kuwa a iya saninsa kalmar nan ta ƙarshe zobe ce, ba wani abu ba. Ya zauna yana juya maganar a ransa har gumi ya karyo masa, don manaja magidanci ne mai 'ya'ya huɗu.

Da manaja ya dawo tare da direbobi biyu da sakatariyarsa, sai Mai Zobe ya zagayo daga bayan kanta, ya rage murya, amma bai rage ta yadda ya kamata ba.

"Ranka ya daɗe, matar nan mai jar mota ta zo. Ta ce wai ka ba ta zobe."

Manaja ya tsaya cak. "Zoben me?"

"Ba ta faɗa ba, ranka ya daɗe. Amma dai da alama a matse take."

Sakatariya ta toshe baki da fayil. Manaja ya sa shi ya maimaita ainihin abin da matar ta ce, yana jin haka ya fashe da dariya har sai da ya dafa bango. Kafin a tashi aiki labari ya kai ɗakin dafa sabulu, ya kai wurin masu lodi, ya tsallaka titi ya kai wurin mai shayi. Washegari duk leburan da ya wuce ta gaban kanta sai ya miƙo masa yatsa yana karkaɗawa. Sunan da ubansa ya raɗa masa daga ranar ya tafi hutu.

Da wani ne, da ya taya su dariya, a yi kwana uku a manta. Shi ba a halicce shi da wannan ba. Ranar Asabar ya tafi inda ake baza tsofaffin littattafai a ƙasa gefen gidan waya, ya tsuguna yana tono har ya ci karo da wani mai kauri, bangonsa ya yage, takardunsa sun yi ja. Salon maganar Turawa ne guda dubu, an jera su daga harafin farko zuwa na ƙarshe, kowanne da ma'anarsa a ƙasa. Ya rungume shi ya nufi gida kamar wanda ya tsinci maganin ciwon da ya daɗe yana damunsa.

Biyar yake haddacewa kullum. Yakan yanka kwalin sabulu ƙanana-ƙanana ya rubuta su a kai ya cusa a aljihun gaba, yana zarowa a cikin bas, a layin famfo, har a banɗaki. Cikin shekara biyu ya sauke littafin ya sake bi. Bai taɓa jin wani mai rai ya furta ko kashi ɗaya cikin goma na abin da ya haddace ba. Bai taɓa tambayar kansa a wane wuri ake faɗar wannan, ga wa ake faɗar wancan ba, ko ma ana faɗarsu har yanzu, alhali littafin ya girmi ubansa. Shi dai ya samu makami, kuma ya rantse ba mai sake yi masa dariya.

Daga nan ya raba mutanen duniya gida biyu. Akwai masu Turancin ƙwarai, wato shi kaɗai, sai kuma masu abin da ya kira Turancin ɗaukar kaya. Manaja da ya yi digiri biyu, a wurin Mai Zobe Turancinsa lami ne, ba gishiri ba yaji. Sakatariya kuwa cewa yake yi da hanci take yin nata don ta ɓoye cewa ba komai a ciki. Masu karanta labarai a rediyo ma bai ƙyale su ba, yana zaune yana girgiza kai yana cewa a nan ga inda ya kamata su sa kaza amma jahilci ya hana.

In ka yi rashin sa'a ka buga waya kamfanin kana tambaya ko suna buɗewa ranar Asabar, amsar da yaro zai ba ka da kalma ɗaya sai ta ci minti uku. Za ka ji an ambaci doki, an ambaci gajimare, an ambaci wake da kwando da ƙwai, ka ajiye waya ba ka san ko ka zo ko kada ka zo ba. Ko da Hausa ka yi masa magana, da Turancin zai amsa, sannan ya fassara maka a hankali kamar mai ba jinjiri magani. Masu sarin sabulu suka koyi shiga ta ƙofar baya inda ake lodi, sun gwammace su taka ruwan kumfa da su bi ta gabansa. Shi kuma ya ɗauki hakan a matsayin shaida. Kwarjini, in ji shi, ba kowa ke iya tsayawa gabansa ba.

A gida ne dai kasuwar ba ta ci ba. Matarsa tela ce, kekenta na baranda, bakinta kuma ya fi allurarta kaifi. Wata rana da hantsi ta ce masa, "Malam, ina da magana." Ya gyara zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ce, "I am all ears."

Ta juya wurin babbar 'yarsu, wadda lokacin tana aji biyar. "Me ubanki ya ce?"

"Wai shi gaba ɗayansa kunne ne."

"Ai wannan tun ranar da ya fara zuwa gidanmu muka gani," in ji matar, ta ci gaba da taka keke. "Sai da Yaya ta ja ni gefe ta tambaye ni ko na duba da kyau."

Ya yi kwana biyu ba ya cin abincin gidan da daɗin rai. Uwarsa ma, wadda suke kira Inna, ba ta raga masa ba. Ta zo jinyar ƙafa ta yi wata guda a wurinsu, shi kuma kullum da safe sai ya tsaya a bakin ƙofa ya jefa mata wani abu daga littafin sannan ya fassara. Ranar da ta gaji ta ce, "Zo nan, ɗan nan. Ni na haife ka. Na san lokacin da ko ruwa ba ka iya cewa ba, sai ka nuna randa kana kuka. In za ka tambaye ni ƙafa, ka tambaye ni ƙafa. In ba za ka iya ba, tafi aikinka, Allah ya shirye ka." Ya fita yana gaya wa kansa cewa mutanen da sai haƙuri.

'Yar ce ta fi shan wahala, don ita ba ta da bakin ramawa. Sai ta kawo biyar daga littafin kafin a ba ta abin karyawa. Da aka ba su rubutun insha'i a makaranta kan yadda suka yi hutu, uban ya zauna ya cusa mata goma sha bakwai a shafi ɗaya. Takarda ta dawo da jan biro ko'ina, malamar ta rubuta a ƙasa cewa yarinya ta faɗi abin da take nufi kawai. Mai Zobe ya nemi izini a wurin aiki, ya ɗaura lakataya, ya tafi makarantar. Ya yi wa malamar jawabi na kusan rabin awa a gaban ofis. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce da Hausa, "Baban yarinya, duk na ji. To a ina ta yi hutun? Don har yanzu ban gane ba, daga takardar har bakinka." Ya dawo gida ya ce ilimi ya lalace a ƙasar nan. Yarinyar kuwa daga ranar a makaranta take gama aikin gida kafin ta dawo.

Haka aka yi ta tafiya har shekarar da mai kamfani ya sayo sabon injin yanka sabulu da buga masa tambari. Injin ya iso cikin manyan akwatunan katako guda uku, tare da injiniyan da zai haɗa shi, wani gajeren mutum kakkaura daga wata ƙasa mai nisa inda ba Turanci ne harshensu ba. Turancin da ya zo da shi bai fi cikin gidan ashana ba. Wanda zai yi aiki da shi kuwa shi ne babban makanikin kamfanin, Baba Sifana, dattijon da ya shekara talatin yana kwance injuna yana ɗaurawa, wanda shi kuma Turancinsa bai wuce sunayen kayan aiki ba. Manaja yana fama da taro, ya duba ya ga wa zai tsaya tsakaninsu. Ya ce a kira Mai Zobe, tunda dai shekara da shekaru yana damun mutane, yau ga ranar abin.

Mai Zobe bai taɓa jin daɗi irin na wannan rana ba. Ya sa matarsa ta goge masa kwat ɗin da ya yi aure da shi, ya rubuta jawabin maraba ya haddace. Da injiniya ya sauko daga mota, ya tare shi a bakin ƙofa ya buɗe wuta. Ya zuba masa guda tara a jere ba numfashi. Baƙon ya tsaya da jaka a hannu yana kallon bakinsa, yana ƙifta ido, har aka kai ƙarshe. Sannan ya ce, "Toilet. Where?"

Masu lodi da suka taru kallo suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Mai Zobe ya nuna masa hanyar banɗaki da hannu, ya juyo ya ce musu gajiyar jirgi ce.

Ranar farko an wuce ta da kwance akwatuna. A rana ta biyu inji ya tsaya da ƙafafunsa, injiniya ya kwanta a ƙarƙashinsa da tocila yana bin ƙarafa ɗaya bayan ɗaya. Can sai ya ƙwanƙwasa wani wuri, ya leƙo, ya nuna ɓangaren da Baba Sifana yake tsaye, ya ce wa Mai Zobe, "Screw loose. There. Tell him." Sukuru ne guda ɗaya bai ɗauru ba a jikin ƙarfen da ke riƙe da bel, daidai gwiwar dattijon, yana so a ɗaure.

Murna ta kama Mai Zobe. Wannan ai ya san shi, yana can wajen ƙarshen littafi, shafin da kusurwarsa ta naɗe. In Bature ya ce sukurun mutum ya kwance, yana nufin mutumin yana da taɓin hankali. Ashe dai baƙon ya iya magana, ɓoyewa yake yi! Ya gyara tabarau, ya matso kusa da dattijon, ya sa fuskar jimami.

"Baba, sai dai ka yi haƙuri, ni ɗan aike ne. Cewa ya yi kanka da motsi."

Baba Sifana ya ajiye abin da ke hannunsa a hankali. Ya ɗauko tsumma ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ni?"

"Kai ya nuna, Baba. Kowa ya gani."

"Shekara talatin ina cikin ɗakin nan. Wanda ya kafa kamfanin nan ma bai taɓa ɗaga mini murya ba. Yau sai wani da ko gaisuwa bai iya ba ya zo ya ce ni mahaukaci ne? To mai hankali ya ƙarasa."

Ya fice, makanikai biyun da ke ƙarƙashinsa suka bi bayansa, suka zauna a inuwar katanga. Injiniya ya fito daga ƙarƙashin inji ya ga ɗaki wayam, ya buɗe hannuwa yana tambaya da ido. Mai Zobe ya ba shi amsa da wata doguwar magana mai gashin tsuntsu a ciki, mutumin ya dafe kai ya zauna a kan akwati. Aiki ya tsaya har bayan azahar, sai da manaja ya bar taronsa ya zo ya durƙusa wa dattijo, ya ce a yi haƙuri, baƙo ne, wataƙila haka suke wasa a garinsu. Baba ya koma, amma bai ko kalli inda injiniya yake ba.

Kafin a tashi, injiniya ya tuna da sukurunsa. Ya nuna wurin daga nesa ya tambayi Mai Zobe, "OK now?" Mai Zobe ya ɗauka rigimar ake tambaya. Ya yi murmushin manya, ya gyaɗa kai, ya ce, "Water under the bridge," wato abin da ya wuce ya wuce. Baƙon bai ga ruwa ba bai ga gada ba, amma ya ga an gyaɗa kai. Ya tattara kayansa.

Rana ta uku aka yi gwaji. Mai kamfani da kansa ya zo da babbar riga, ga manaja, ga sakatariya, ma'aikata sun cika ƙofa da tagogi. Ba a riga an kafa akwatin makunnin injin ba, don haka aka ja masa wuta da wata kakkaurar waya zuwa wani ƙaton fulogi a bango. Mai Zobe ya zaɓi tsayawa daidai gaban wannan fulogi, saboda nan ne kusa da mai kamfani.

Aka kunna. Sandar sabulu ta shiga ta nan, ta fito ta can gunduwa-gunduwa, kowace da tambarinta, suna tafiya a jere gwanin sha'awa. Mutane suka fara tafi. Minti biyu ana haka sai aka ji wani ƙaramin ƙarfe ya faɗi ƙasa, ƙwal. Ƙarfen da ke riƙe da bel ya zame, bel ya naɗe ya cije, moton da ke juya injin ya kama gurnani yana neman juyawa ya kasa. Wari ya tashi. Injiniya yana can ɗaya gefen, inji ya tare shi, ya ɗaga hannu yana nuna bango yana ihu a cire fulogi.

"Pull the plug! Pull the plug!"

Shi ma wannan Mai Zobe ya san shi. Ya juya wurin mai kamfani, ya taɓa lakatayarsa, ya ɗaga murya don ta fi ƙarar inji.

"Ranka ya daɗe, wannan salon magana ne. Abin da yake nufi shi ne a janye hannu daga shirin gaba ɗaya, wato a soke kwangilar. Asalin maganar kuwa, in ka ba ni dama..."

Bai ƙarasa ba Baba Sifana ya bangaje shi da kafaɗa har tabarau ya yi tsalle, ya kama wayar da hannu biyu ya fizge. Dattijon bai ji ko kalma ɗaya daga ihun ba, hayaƙi ya gani. Baƙin hayaƙi ya ci gaba da fita daga moto a hankali. Ya riga ya ƙone.

Injiniya ya zagayo, fuskarsa ta yi jawur. Ya durƙusa ya laluba ƙasa ya tsinto sukurun, ya zo ya ɗaga shi daidai hancin Mai Zobe. "Screw," in ji shi. Ya karkaɗa shi. "Loose." Sannan ya je ya nuna ramin da ya fito.

Baba Sifana ya kalli sukurun, ya kalli ramin, ya kalli Mai Zobe.

"Wato wannan ne kan nawa da ke motsi?"

Ba wanda ya yi dariya a lokacin, saboda fuskar mai kamfani. Bayan motarsa ta fita ne aka yi ta, har wani mai lodi ya kwanta a kan buhunan kwali yana shure-shure.

Washegari manaja ya kira shi ofis. Duk wanda ya zaci zai shiga da kai a sunkuye bai san mutumin ba. Ya shiga da littafin a hammata, ya buɗe shafukan biyu ya ajiye a kan tebur, ya sa yatsa.

"Ranka ya daɗe, ga shi nan a rubuce, duba da kanka. Ni ban yi kuskure ba. Mutumin nan ne bai iya Turanci ba. Wanda ya iya Turanci ba zai ce a cire fulogi yana nufin a cire fulogi ba."

Manaja ya dubi shafukan. Ya cire hularsa ya shafa kai ya mayar. Daga baya ya gaya wa sakatariya cewa ya so ya kore shi a take, amma ya rasa ta inda zai fara yi masa bayani, ga kuma 'ya'ya biyar a gidan Mai Zobe. Aka ɗauke shi daga kanta aka kai shi ɗakin baya inda ake naɗe kwalaye, tare da wasu mata biyu masu shafa gam waɗanda ke kunna rediyo da ƙarfi duk lokacin da ya yi gyaran murya.

Sai da aka yi mako shida kafin sabon moto ya iso. Injiniya ya dawo, wannan karon ba tafinta. Shi da Baba Sifana suka haɗa injin cikin kwana biyu da nuni da tsaki da ɗaga babban yatsa. Tare suke cin abinci a kan akwati, kowa yana ba da labari da harshensa, ɗayan yana dariya. Da zai tafi ya bar wa dattijon akwatin sifanunsa gaba ɗaya. Mai Zobe ya ji labari daga ɗakin kwali, ya taɓe baki ya ce dama jahili da jahili ba sa rasa abin tattaunawa.

A gida ya ba da labarin a matsayin hassada, wai an daɗe ana neman kujerarsa. Matarsa, wadda matar wani direba ta riga ta kawo mata komai tun ranar da abin ya faru, ta ciji zare ta ce, "Allah sarki. Kuma hassadar har da hayaƙi?" Babbar 'yar lokacin ta zama nas a wani asibiti inda likitoci suka fito daga ƙasashe daban-daban. Ta zauna kusa da shi ta yi ƙasa da murya.

"Baba, wallahi duk waɗanda nake aiki da su gajeriyar magana suke yi. Irin naka sukan faɗa jefi-jefi, in ana hira, in ya zo da kansa. Amma in mutum yana zubar da jini ba a tsayawa yi wa magana ado."

"Shi ya sa aka bar ku da allura da tsumma," in ji shi. "Je ki taya uwarki."

Ya yi shekara huɗu a ɗakin kwali ya yi ritaya. Ba a yi masa walima ba, sakatariya ce dai ta ba shi katan ɗin sabulu. Ya zauna a gida wata biyu yana gyara wa rediyo Turanci, har matarsa ta je ta sami ƙaninta mai shagon hoton takardu kusa da ofisoshin gwamnati, ta ce ya taimake ta ya ɗauke mata mijinta ko na awa shida ne a yini, in ba haka ba wata rana za ta ɗinke yatsarta. Ƙanin ya ajiye masa tebur da kujera a lungun shago, ya rubuta a kwali cewa ana rubuta wasiƙa.

Abin da ba wanda ya zata, nan ne kasuwarsa ta buɗe. Mutane suna zuwa da 'yar buƙatarsu, neman aiki ko koke ko neman canjin wuri, sai ya cika musu shafi biyu da abin da ba su gane ba, su kuwa abin da suke so ke nan. Akwai wani matashi a shagon gaba da ke rubuta wasiƙa layi biyar mai ma'ana, amma aka guje shi, wai aikinsa ba nauyi.

Kwanan baya wata mai shara a wani ofis ta zo tana son hutun kwana uku ta kai uwarta asibiti. Mai Zobe ya rubuta mata shafi ɗaya da rabi. Ta ce ya karanta mata. Ya miƙe tsaye ya karanta, yana kaɗa hannu, masu jiran hoton takardu suka yi shiru suna saurare. Da ya gama ta riƙe haɓa.

"Kai, Baba, Allah ya ƙara basira. Ban ji ko ɗaya ba, amma wannan ko babban mutum ya gani sai ya gyara zama."

Ta kai wa shugabanta. Mutumin ya karanta sau biyu bai gane ko ajiye aiki take yi ko ƙarar wani ta kawo ba, ya aika aka kira ta ya tambaye ta da baki me take so. Ta ce uwarta ce ba lafiya, tana son kwana uku. Ya ce ta je, Allah ya ba da lafiya, ya jefa takardar a kwando.

Bayan mako guda ta dawo shagon da ƙawayenta biyu, tana ta godiya, tana gaya wa duk wanda ke wurin cewa wasiƙar Baba ko minti biyar ba ta yi a ofis ba aka kira ta. Mai Zobe ya kalli ƙanin matarsa ta saman tabarau.

"Ka dai ji da kunnenka."

Ƙanin ya ce ya ji, ya juya ya ci gaba da danna injinsa. Mai Zobe ya jawo sabuwar takarda, ya ce wa ta farkon cikin matan ta zauna ta faɗi damuwarta. Tana cikin gyara mayafi tana neman ta inda za ta fara, shi har ya kai layi na shida.